Johanna Veenstra, Baturiyar da ta ba da ranta ga aikin bishara

 Yau tarihi na kawo muku, tarihin wata Baturiya Kirista mai suna Johanna Veenstra, wadda ta baro ƙasarsu Amurka tana budurwa, ta zo Nijeriya ta Arewa don yaɗa bishara, watau saƙon Yesu Almasihu kamar yadda Kirista suka gaskata shi. Ta rasu tun 1933, amma har gobe ba a manta da ita ba a ƙasar Takum da Donga, cikin Jihar Taraba. Na san da yawa daga cikin masu karanta filin nan Musulmi ne, akwai kuma Kirista, kowacce da addininta. Abin da nake so mu duba tare shi ne yadda mace guda ta ce ta miƙa ranta ga Allah, da kuma abin da ta yi da hannunta bayan ta faɗi haka. Don faɗa da baki ba ta da wuya.

An haife ta ran 19 ga watan Afrilu, 1894, a wani gari mai suna Paterson, kusa da birnin Niyok. Iyayenta jinin mutanen Holan ne. Mahaifinta, William Veenstra, kafinta ne, daga baya ya ajiye guduma da zarto ya koma makaranta don ya zama fasto. Ya gama, an ba shi ikkilisiya a Jihar Mishigan, amma wata 8 kacal ya yi a kan aikin, zazzaɓin taifot ya kama shi, ya ce ga garinku nan. Lokacin Johanna tana ƙaramar yarinya.

To, ku duba uwar nan. An bar ta da marayu 6, ba miji, ba dukiya. Sai ta tattara 'ya'yanta ta koma Paterson, ta buɗe ɗan kanti tana sayar da kayan masarufi. Da wannan kanti ta ci da su, ta kuma sa su makaranta. Mu nan Ɗanbatta mun san irin waɗannan mata, waɗanda miji ya rasu ya bari, suka riƙe gida da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da saƙar tabarma. A hannun irinsu Johanna ta tashi, can ta fara ganin yadda mace ke tsayawa da ƙafarta.

Tana shekara 14 ta kama aikin akawu a birnin Niyok, tana ɗaukar magana da rubutun gaggawa tana kuma buga tafireta. Kullum sai ta shiga mota ko jirgi ta je aiki ta komo. Yarinya ce mai kuzari da son raha, ga kuɗi sun fara shiga hannunta. A cikin waɗannan shekaru ne, tana zuwa wata majami'a, zuciyarta ta juya, ta ƙudura cewa daga ran nan ranta ba nata ba ne, na Ubangijinta ne, duk inda ya aike ta za ta. A koyarwar Kirista wannan shi ake kira miƙa kai.

Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Ba ta naɗe hannu ta zauna jiran ikon Allah ba. Cikin 1913 ta bar aikin albashi ta shiga makarantar horar da masu bishara a unguwar Buruklin ta Niyok. Cikin 1915 kuwa ta halarci wani taro a bakin wani tafki a Jihar Wiskonsin, inda ta ji jawabin wani Bajamushe, Dokta Karl Kumm. Shi ne ya kafa ƙungiyar mishan ta Sudan United Mission, wadda aka fi sani da S.U.M., cikin 1904, tasharsu ta farko kuwa a Wase take. Kada sunan Sudan ya ruɗe ku. A wancan zamani ƙasashen baƙar fata da ke daf da hamada ta kudu, har da tamu, Sudan ake ce musu. Kumm ya ba da labarin ƙabilun da ke zaune a duwatsu da dazuzzukan yankin Binuwai, waɗanda ba Musulmi ba ne ba kuma Kirista ba, ba makaranta ba asibiti. Johanna ta yi kwanaki tana addu'a a kan abin da ta ji, daga nan ta rubuta wa S.U.M. ta ce a aike ta.

Amsar da ta samu ba mai daɗi ba ce. Dokar ƙungiyar ita ce ba a aika kowa Afirka sai ya cika shekara 25, ita kuwa da sauranta shekara 3 bayan ta gama makaranta. Wata da sai ta yi fushi, wata kuma sai ta ce alama ce Allah bai nufa ba. Ita sai ta mai da jiran ya zama shiri. Ta tafi garin Grand Rapids ta yi aikin bishara a unguwannin talakawa, tana kuma ɗaukar darasi a Kwalejin Calvin. Sa'an nan ta komo Niyok ta koyi aikin ungozoma a asibitin haihuwa na Bellevue, don ta san inda za ta ba likita, mata kuwa ba za su fasa haihuwa ba.

Akwai wani abin takaici kuma. Ikkilisiyar da aka haife ta a ciki, watau Christian Reformed Church, ba ita ta aike ta ba. Da shugabanninta suka zauna cikin 1920 don zaɓen ƙasar da za su kai aikin mishan, sai suka zaɓi ƙasar Sin, suka bar Afirka. Johanna ba ta yi zuciya ta fita daga cikinsu ba. Ta tafi a ƙarƙashin S.U.M., waɗansu ikkilisiyoyi da ɗaiɗaikun mutane suna taimaka mata da abin da ya sawwaƙa, duk sa'ad da ta je hutu gida kuma sai ta bi majami'u tana ba su labarin Nijeriya.

Ta tashi daga Niyok a jirgin ruwa cikin watan Oktoba, 1919, ta biya ta Ingila, ta sauka Ikko cikin Janairu, 1920. Daga can ta nufi Ibi, a bakin kogin Binuwai, inda hedkwatar S.U.M. take a lokacin.

Watakila wata ta tambaya, me ya sa ba ta zo Kano ko Katsina ba? Dalili shi ne, tun cikin 1900 waɗansu 'yan mishan, Bishop Tugwell da Likita Mila da abokan tafiyarsu, sun iso Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. Bayan Turawa sun ci ƙasar kuma, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi. Sai a shekarun 1930 wata ƙungiyar, S.I.M., ta sami shiga ƙasar Kano sosai ta hanyar jinyar kutare a Yadakunya, ta kuma buɗe asibitin ido na Kano cikin 1943, wanda da yawa daga cikinmu mun taɓa raka tsofaffinmu can. A zamanin Johanna dai ƙofar da ke buɗe ita ce ta kudancin Arewa.

Amma ko can ɗin, sai da Hausa. Fatake sun riga sun kai harshenmu kasuwannin Ibi da Wukari da Donga da Takum, shi ne harshen da ƙabilu dabam-dabam ke haɗuwa a kansa. Saboda haka aikinta na fari shi ne zama ta koyi Hausa, kusan shekara guda tana fama. Ku tuna mace ce mai shekara 25, mai takardun shaida, ta koma kamar 'yar aji ɗaya tana koyon sannu da ina kwana. Da Hausar nan ta yi wa'azi, da ita ta koyar, da ita ta yi jinya har ƙarshen ranta.

Cikin 1921 aka tura ta Lupwe, 'yar tafiya kaɗan daga Takum, a ƙasar Kuteb. Wurin ba kamar namu ba ne, inda gona ke jingine da gona, kina tsaye a ƙauyenku kina hango rimin ƙauye na gaba. Can duwatsu ne da kurmi da ciyawa mai shanye mutum, mutane da yawa kuma a kan duwatsu suke zaune saboda tsoron mahara tun zamanin kamun bayi. Ɗakin da ta samu na laka ne da jinka, gara tana cin jinkar tana zubo mata ƙasa, ga ɓeraye ga sauro. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ya zama abokin zama.

Aiki uku ta haɗa. Na ɗaya magani: wanke gyambo, ba da maganin zazzaɓi, karɓar haihuwa. Na biyu makaranta: ta kafa makarantar kwana inda samari ke koyon karatu da rubutu da Littafi Mai Tsarki, don su koma su koyar da mutanensu. Na uku yawon bishara: takan hau keke, inda keke ba ya shiga ta taka da ƙafa, ta hau duwatsu, ta yi kwanaki tana zaga ƙauyuka, ta kwana duk inda aka ba ta masauki. Ra'ayinta shi ne masu bi na wurin su riƙe ikkilisiyarsu da guminsu, su ne kuma za su kai saƙon gaba, kada su zauna suna zuba ido ga kuɗin Turawa.

Kada ku ɗauka jama'a suka yi ta tururuwa. Shekarun farko masu karɓar saƙonta ana ƙirga su da yatsu. Wanda ya karɓa kuma yakan gamu da fushin dangi, don barin tsafin kakanni ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Ita ma mutum ce, tara take ba ta cika goma ba. Tana da tsanani wajen horo, kuma a littafin da ta wallafa cikin 1926, mai suna Pioneering for Christ in the Sudan, ta yi amfani da irin kalmomin da Turawan zamanin ke faɗa a kan al'adun baƙar fata, waɗanda jikokin mutanen wurin ba za su ji daɗinsu ba yau. Duk da haka ba ta zauna nesa tana nuna su da yatsa ba. A cikinsu ta zauna, hannunta a cikin ciwonsu.

Sannu a hankali aikin ya kama ƙasa. Waɗansu 'yammata daga ikkilisiyarsu suka biyo sawunta: Nelle Breen ta zo cikin 1930, Jennie Stielstra da Bertha Zagers kuma cikin 1932. A shekarar 1932 ɗin ce kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa karo na fari, abin da ya sauƙaƙa wa ɗalibanta karatu ƙwarai.

Ba ta daɗe tana cin moriyarsa ba. Cikin watan Maris, 1933, ciwon ciki ya matsa mata, ta kama hanyar asibitin mishan na Vom, kusa da Jos, tafiyar kusan mil 300. Aka yi mata aikin afendis, watau ɗan hanjin nan da ke kumbura a gefen dama na ciki. Aikin ya yi kyau, amma zuciyarta ta gaza. Ta rasu ran Lahadi, 9 ga Afrilu, 1933, mako guda kafin Ista, saura kwana 10 ta cika shekara 39. A Vom aka binne ta. Ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ko jika ba, shekara 13 ke nan da saukarta ƙasar nan.

Bayan rasuwarta da shekara 7, watau cikin 1940, ikkilisiyar nan tasu da ta zaɓi ƙasar Sin ta karɓi aikin Lupwe ya zama nata. Abin da ta yi ta roƙo tana da rai, sai da ta kwanta dama aka yi shi. Daga ɗan wurin nan ne ikkilisiyar C.R.C.N. ta tsiro, mai hedkwata a Takum, wadda 'yan ƙasa ke shugabanta, makarantarta ta horar da fastoci da ke Donga kuma sunan Veenstra aka sa mata.

To, 'yan'uwa, me za mu ɗauka a nan? Sau da yawa nakan ji yarinya ta faɗi jarrabawa ta ce haka Allah ya so, alhali littafinta na nan ƙura ta rufe shi. Nakan ji uwa ta cire 'yarta daga aji biyar ta ɗora mata tallan goro, ta ce in da rabo za ta yi karatun wata rana. Wannan ba dogara ga Allah ba ne, sakaci ne aka sa masa riga. Johanna ta ce ta ba Allah ranta, sai ta tashi ta nemi abin da za ta yi masa hidima da shi: ta koyi tafireta, ta koyi karɓar haihuwa, ta koyi harshen da ba na uwarta ba. Aka ce ta jira shekara 3, ta jira tana aiki. Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

'Yan makaranta, ku tambayi kanku, wane abu kuke koyo yau wanda zai amfani wani gobe? Ƙauyukanmu na bukatar ungozoma mai ilmi da malamar makaranta da ma'aikaciyar jinya, mata kuwa sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace. In Baturiya ta ƙetare teku ta karɓi haihuwar matan da ba danginta ba, ke da aka haifa a nan mene ne hanzarinki? Ku kuma iyaye mata, ku tuna da mai ɗan kantin nan ta Paterson. Da ta ce marainiya ba ta da rabon karatu, da ba mu san sunan 'yarta ba yau.

Allah ya ba mu ikon cika abin da muka faɗa da bakinmu. Sai mun sake saduwa a wannan fili.