Hasan Ibnul Haisam: Malamin Da Ya Tuhumi Littattafan Magabata

 

A wannan fitowa za mu kawo tarihin Abu Ali Hasan ibnul Haisam, wanda aka haifa a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 354 bayan Hijira, wato 965 Miladiyya. Bai yi suna a fiƙihu ko hadisi ba. Fanninsa shi ne lissafi da ilmin taurari da sanin yadda haske yake tafiya.

Malamin tarihi Ibnul Ƙifɗi ya ruwaito cewa tun kafin ya je Masar ya taɓa faɗin zai iya yi wa kogin Nilu aikin da za a riƙa amfana da shi, ko ruwa ya cika ko ya ja baya. Maganar ta kai kunnen Alhakim bi Amrillahi, sarkin daular Faɗimiyya da ya hau mulki a 996, sai ya aika a kirawo shi, har ya fita bayan gari da kansa ya tarye shi. Aka haɗa shi da magina, suka nausa kudu suna bin bakin kogi. A hanya ya ga manyan gine-ginen mutanen da, jikinsa ya fara sanyi, domin ya fahimci masu irin wannan gwaninta da sun riga shi in da abin mai yiwuwa ne. Da ya isa wurin duwatsu da ake kira Janadil, kudu da Aswan, ya duba ya auna, ya tabbatar aikin ya fi ƙarfinsa. Ya komo ya gaya wa sarki gaskiya, alhali kowa ya san Alhakim ba ya jinkirin zare takobi a kan ma'aikatansa. Sarki ya ba shi wani muƙami, amma tsoro ya sa ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida, aka riƙe dukiyarsa, har sarkin ya ɓace a 1021.

Mun fara da wannan labari ne da gangan, domin maganar farko da aka san ya rushe, tasa ce ta kansa.

A zamanin, masana da yawa suna bin Iƙlidisu da Baɗalimusa, manyan malaman Yunanawa, a kan cewa wani haske ne yake fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo. Ra'ayi ne da ya haura shekara dubu a littattafai. Ibnul Haisam ya lura cewa wanda ya kalli rana idonsa yana zafi, kuma in ya runtse yana ganin sauran hasken, alamar cewa wani abu ne ya shigo daga waje. Bai tsaya nan ba. Ya jera fitilu a gaban ɗaki mai duhu, ya bar ƙaramar kafa, sai hasken kowace fitila ya bayyana daban a bangon ciki. In ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke gushewa. Da irin waɗannan gwaje-gwaje ya cika Kitabul Manaziri, mai kashi bakwai, yana bayyana yadda za a haɗa kayan gwajin, domin mai shakkar maganarsa ya maimaita da hannunsa.

Sannan ya rubuta Asshukuku ala Baɗalimusa, inda ya bi lissafin tafiyar taurari na wannan babban malami, ya nuna wuraren da ya saɓa wa ƙa'idojin da shi kansa ya shimfiɗa. Abin lura, ya yi haka ne bayan ya san littattafan ciki da waje, domin da kwafarsu yake ci. Kuma shi ma bai kuɓuta daga kuskure ba: ya rasu yana ganin ƙasa ce tsakiya, rana ke kewaya ta.

Mu a nan Dakoro wannan hali ba baƙo ba ne gare mu. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 suna tuna lokacin da manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa fes, ma'aikata kuma suna ganin maganin hamada shi ne dashen da aka reno a lambu, ga shi yawancinsa mutuwa yake yi. A shekarun 1980 wasu manoman jihar Maraɗi suka fara barin tohon sabara da kalgo da gawo a gonaki suna yi masa sassabe. An yi musu dariya. Daga baya masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa, galibi a Maraɗi da Damagaram. Wannan daban yake da mai zama a majalisa yana cewa ɗumamar duniya ƙaryar Turawa ce, bai taɓa riƙe ma'aunin ruwan sama ba, alhali awon da ake yi tun ƙarni na 19 ya nuna zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1.

Bayan ɓacewar Alhakim, Ibnul Haisam ya koma zama kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi kowace shekara ya sayar ya ci abinci, har Allah Ya karɓi ransa a Alƙahira wajen 430 Hijiriyya, wato 1040. An fassara Manaziri zuwa Latin wajen shekara ta 1200, aka buga shi a birnin Basel a 1572. Babbar madatsar Aswan kuwa, a yankin da ya tsaya ya janye maganarsa, ba a gama ta ba sai a 1970. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.