Tarihin Verity Lambert, sakatariyar da ta zama uwar shirin Doctor Who

 Yau za mu leƙa ƙasar Ingila, domin mu kawo muku labarin wata mata mai suna Verity Lambert, wadda ta fara aiki da buga takardu a keken rubutu, ta ƙare tana da kamfanin kanta na shirya finafinai.

Da yawa daga cikinmu mun san BBC ta hanyar Sashen Hausa, wanda muke saurare a rumfuna da shaguna. To amma gidan yana da ɓangaren telebijin, kuma a can ne aka fara nuna wani shiri mai suna Doctor Who a shekara ta 1963. Labari ne na ƙirƙira irin na kimiyya, na wani baƙo daga wata duniya da ake ce ma Dakta, wanda ke yawo tsakanin taurari, yana komawa zamanin da ko ya tsallaka zamani mai zuwa. Abin hawansa, Tardis, daga waje ɗan ɗaki ne shuɗi irin wanda a da ƴan sandan Ingila suke buga waya a ciki, amma cikinsa ya fi wajensa girma nesa. An yi ta nuna shirin har 1989, aka dakata, sannan ya dawo a 2005. Duk lokacin da ya cika shekaru masu yawa akan wallafa littafin tunawa, kamar wanda Peter Haining ya fitar a 1983 na cikar shekara 20, kuma duk mai ba da tarihin farkon shirin sai ya ambaci wannan mata.

An haifi Verity a birnin Landan ranar 27 ga watan Nuwamba 1935. Mahaifinta ma'aikacin lissafin kuɗi ne, ya kuma sa ta a makarantar kwana ta ƴan mata ta Roedean. Daga nan ta yi ɗan karatu a Sorbonne ta birnin Paris, ta dawo gida ta koyi aikin sakatariya. Aikinta na farko shi ne buga jerin sunayen abinci a wani otel, saboda tana jin Faransanci. A 1956 ta samu shiga gidan telebijin na Granada, amma bayan wata shida aka sallame ta.

Wannan kora ba ta sa ta zauna gida ba. Ta nemi aiki a wani gidan telebijin mai suna ABC, inda ta fara da buga takardu, ta yi ta matsawa har ta zama mataimakiya a shirin wasan kwaikwayo na Armchair Theatre, ƙarƙashin wani ɗan Kanada mai suna Sydney Newman. A wancan zamani kai tsaye ake nuna wasa, babu damar gyara. Ranar 30 ga Nuwamba 1958, ana tsakiyar nuna wani wasa, ɗaya daga cikin ƴan wasan, Gareth Jones, ya faɗi ya mutu sakamakon ciwon zuciya. Darektan, Ted Kotcheff, ya ruga ya sake tsara labarin tare da sauran ƴan wasa, ya bar Verity tana ba masu kamara umarni, alhali shekarunta 23 kacal. Haka aka kai wasan ƙarshe.

A 1961 ta tafi birnin New York na Amurka ta yi aiki, ta dawo, amma har lokacin ba a ba ta matsayin da take nema ba, domin a ganin shugabannin wancan zamani kujerar mace ita ce ta sakatariya. Ana nan sai Newman ya koma BBC ya zama shugaban sashen wasan kwaikwayo. Yana neman wanda zai riƙe sabon shirin yamman Asabar, ya tuntuɓi maza biyu suka ƙi, sai ya tuna da ita. Ta shiga BBC a 1963 tana da shekara 27 a matsayin furodusa, wato mai riƙe da jakar kuɗin shiri, mai zaɓen ƴan wasa da marubuta, wadda kuma za a kama idan abu ya lalace. Ita ce mafi ƙanƙantar shekaru cikin masu wannan matsayi a sashen, ita kaɗai ce kuma mace.

Jarin da aka ba ta kaɗan ne, bai kai fam 3,000 ba a kowane kashi, ga ɗakin ɗaukar hoto na Lime Grove tsoho ne mai ƙunci. Darektan da aka haɗa ta da shi, Waris Hussein, haifaffen Indiya, shi ma yaro ne ɗan shekara 24. Su biyun suka shawo kan William Hartnell, dattijo mai shekara 55 da aka saba gani yana fitowa a soja, ya yarda ya zama Dakta na farko. Da suka ɗauki kashin farko, Newman bai gamsu ba, ya sa aka sake ɗauka. Wasu manya kuma suka so a tsayar da shirin bayan kashi huɗu, saboda tsadar gina cikin Tardis. Ranar da aka fara nunawa, 23 ga Nuwamba 1963, kwana ɗaya ke nan da kashe shugaban Amurka John Kennedy, hankalin jama'a duk yana kan labarai. Mutum miliyan 4 da ƴan kai suka kalla, har sai da aka maimaita kashin a mako na gaba.

Labari na biyu ne ya kawo babbar gardama. Marubuci Terry Nation ya kawo labarin wasu halittu da ake kira Dalek, masu zama cikin sulken ƙarfe mai siffar kwalbar gishiri, ba su da wani buri sai hallaka duk wanda ba irinsu ba. Newman tun farko ya hana sa dodanni, domin yana son yara su koyi tarihi da kimiyya. Shugaban Verity na kusa, Donald Wilson, shi ma ya ba da shawarar a ajiye labarin. Ita kuwa ta tsaya a kan cewa labarin yana da ma'ana, kuma babu wani da ya kammala da za a iya ɗauka a lokacin. Da abin ya faɗi, da wuya a sake ba ta wani shiri. Aka fara nuna shi ranar 21 ga Disamba 1963, kafin ya ƙare masu kallo sun haura miliyan 10. A shekarun 1964 da 1965 shagunan Ingila suka cika da kayan wasan yara masu siffar Dalek, ƴan kasuwa suka ci riba, maganar rufe shirin kuma ta mutu.

A 1965 ta bar shirin yana kan ganiyarsa, ta kama wasu ayyuka. A 1974 ta zama shugabar sashen wasan kwaikwayo na gidan telebijin na Thames, a 1979 kuma ta zama shugabar kamfanin Euston Films. A hannunta aka yi Minder, labarin wani dillali mai wayo na birnin Landan da yaronsa mai tsaron lafiyarsa, wanda mutanen Ingila suka daɗe suna so. Ta taɓa aure da wani darekta, Colin Bucksey, daga 1973, daga bisani suka rabu.

Bayan ta yi kusan shekara 30 tana aiki ƙarƙashin wasu, a 1985 ta buɗe kamfaninta mai suna Cinema Verity. A 1988 ta fitar da fim ɗin A Cry in the Dark, wanda aka ɗauka a Ostareliya da shahararriyar ƴar wasa Meryl Streep. Sai dai kasuwa, kamar yadda muka sani, yau riba gobe faɗuwa. A 1992 kamfanin ya shiga wani babban shiri na BBC mai suna Eldorado, har aka gina masa ƙauye sukutum a ƙasar Sipaniya. Jaridu suka yi masa ca, masu kallo suka yi ƙaranci, aka rufe shi a 1993 bayan shekara ɗaya. Duk da wannan asara ba ta rufe kamfani ba, ta ci gaba da aiki, daga baya ta riƙe shirin Jonathan Creek wanda ya samu karɓuwa sosai. A 2002 Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta OBE.

Ciwon daji ne ya yi ajalinta ranar 22 ga Nuwamba 2007, saura kwana biyar ta cika shekara 72, saura kwana ɗaya kuma shirin da ta raina ya cika shekara 44. An sadaukar mata da kashin da aka nuna ranar Kirsimeti ta wannan shekara. A 2013, lokacin bikin cika shekara 50, BBC ta yi fim a kan yadda aka kafa shirin, inda Jessica Raine ta fito a matsayinta.

Akwai kuma abin da ya haɗa labarin da maƙwabtanmu. A da BBC kan shafe tsofaffin faifai don ta sake amfani da su, shi ya sa kashi fiye da 90 na shirin suka ɓace. Amma ta sayar da kwafi ga ƙasashe da dama, har da Nijeriya. A 2013 aka ba da sanarwar cewa wani mai bincike, Philip Morris, ya gano kashi tara da suka ɓace a ɗakin ajiyar wata tashar telebijin a garin Jos. Na 1967 da 1968 ne, bayan tafiyar Verity, amma shirin nata ne ya yi nisa haka.

Uwayenmu da ƴan uwanmu mata na kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sun san abin da ake nufi da fara sana'a da ɗan jari, a rumfar da wasu suka raina. Ga mai ɗiya da ke koyon aikin sakatariya ko lissafi, to ga labarin wata da ta fara daga nan. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.