Abubakar Tafawa Ɓalewa (1912-1966): Marubucin Shaihu Umar da Farkon Zamanin Sararin Samaniya

Tsakure

Masu nazarin Hausa sun fi sanin Abubakar Tafawa Ɓalewa da littafinsa Shaihu Umar, masu nazarin siyasa kuma da muƙaminsa na Firayim Ministan Nijeriya. Wannan maƙala ta bi tarihin rayuwarsa ta wata fuska da ba a faye waiwaya ba, wato rawar da gwamnatinsa ta taka a farkon tafiye-tafiyen sararin samaniya, da yadda Kano ta shiga wannan tarihi.

1.0 Haihuwa da Karatu

An haifi Abubakar a shekarar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke ƙasar Bauchi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, ba ɗan sarauta ba ne, bara ne a gidan hakimi, saboda haka yaron bai tashi da gadon mulki ba. Bayan karatun allo da na elementare, ya wuce makarantar lardi ta Bauchi, sannan ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito da shaidar malanta a 1933. Ya koma Bauchi ya koyar a makarantar midil har ya zama shugabanta. A 1945 ya sami tafiya Ingila, inda ya yi shekara guda yana karatun fannin ilimi a Jami'ar Landan.

2.0 Shaihu Umar da Hanyar Sahara

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai. Daga wannan yunƙuri ne aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi da kuma Shaihu Umar. Littafin Abubakar ya bambanta da sauran ta wajen nauyin jigonsa. Labari ne na yaron da aka sace, aka kai shi Kano, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi, yayin da mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta.

A wannan labari Kano mahaɗa ce, wurin da hanyoyin kudu ke ƙarewa, na hamada su soma. Haka take a tarihi. Fagge, da ke wajen ganuwa, zango ne na Buzaye da sauran fatake masu raƙuma. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai aka kafa Sabon Gari a maƙwabtaka da ita domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi. A 1925 jiragen sama na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma su ne na farko da suka sauka a Nijeriya. Daga baya filin jirgin saman Kano ya zama matsayar jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka.

3.0 Shiga Siyasa

Da ya dawo daga Ingila, ya shiga Majalisar Arewa, sannan Majalisar Dokoki ta Legas a 1947. A 1950 ya gabatar da ƙudurin da ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, matakin da bai yi wa sarakuna da yawa daɗi ba. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri, a ƙarƙashin jam'iyyar NPC da Sardauna Ahmadu Bello ya jagoranta.

A farkon siyasarsa bai ɓoye shakkarsa game da ɗorewar Nijeriya a matsayin ƙasa ɗaya ba, kuma abin da ya faru a Kano a 1953 ya nuna cewa shakkar tana da tushe. Bayan Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi amincewa, aka yi musu ihu a titunan Legas. Da tawagar jam'iyyar AG a ƙarƙashin S. L. Akintola ta zo Kano a watan Mayu, sai tarzoma ta ɓarke a kan iyakar Fagge da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana ɗauki-ba-daɗi. Rahoton hukuma ya ce mutum 36 suka rasa rayukansu, fiye da 200 suka jikkata. Bayan shekara biyu, a 1955, Abubakar ya ziyarci Amurka domin nazarin sufurin ruwa a kogin Misisifi. Masu tarihinsa sun nuna cewa ganin yadda al'ummomi mabambanta suka haɗu suka gina ƙasa guda ya taimaka wajen sauya ra'ayinsa. A 1957 ya zama Firayim Minista, ya kafa gwamnatin haɗin gambiza.

4.0 Tashar Kano

Makonni kaɗan da hawansa, ranar 4 ga Oktoba 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko. Amurka ta mayar da martani da kafa hukumar NASA a 1958, tare da shirin Mercury na aika mutum sararin samaniya. Shirin yana da matsala guda ta fasaha. Kumbon yana kewaya duniya cikin kusan minti 90, ba ya kuma yin nisa sosai daga doron ƙasa, don haka tasha ɗaya ba ta iya jin rediyonsa sai na 'yan mintoci kafin ya ɓace a bayan gwiɓi. Dole sai an jera tashoshi a kan hanyarsa, kowace ta karɓa daga wadda ta gabace ta. An tsara tashoshi 18, wasu a kan tudu, wasu a jiragen ruwa. Kumbon da aka harba daga Fulorida yakan ratsa Tekun Atlantika, ya bi ta Tsibiran Kanari, ya shiga Afirka. A wannan layi aka zaɓi Kano da Zanzibar.

Amincewa da wannan buƙata ba ƙaramin abu ba ne a lokacin. A watan Fabrairun 1960 Faransa ta fara gwajin bam na nukiliya a Reggane cikin Saharar Aljeriya, abin da ya tayar da hankalin jama'ar Arewa saboda tsoron iskar hunturu za ta kwaso gubar ta kawo musu. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a Janairun 1961. Ɗalibai kuma suna zanga-zanga a kan yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda aka soke a Janairun 1962. A Zanzibar ma 'yan siyasa sun yi adawa da tashar Amurka, suna zargin cewa aikin soja ne aka lulluɓe da rigar kimiyya. Duk da wannan yanayi, gwamnatinsa ta bar tashar Kano ta yi aikinta, a bisa fahimtar cewa shiri ne na farar hula.

Sobiyet ce ta sake yin gaba. Ranar 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya cikin minti 108. Amurkawa ba su cim ma wannan matsayi ba sai ranar 20 ga Fabrairu 1962, lokacin da John Glenn ya kewaya sau uku cikin kusan awa biyar. A zagayensa na farko, da ya shigo saman Afirka, ya shaida wa tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, ma'aikatan tashar kuma suka tabbatar masa cewa an kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Abin da ya gani shi ne hazon hunturu da kowane Bahaushe ya sani. A wannan tafiya ce kuma ya ci markaɗaɗɗen tuffa daga cikin bututu irin na man goge baki, domin likitoci su tabbatar ko mutum zai iya haɗiye abinci inda babu nauyi. An rufe tashar Zanzibar bayan juyin juya halin 1964, amma ta Kano ta ci gaba da hidima ga shirin Gemini da ya biyo baya.

5.0 Waya ta Tauraron Ɗan Adam

A watan Yulin 1961 Abubakar ya ziyarci Shugaba John Kennedy a Washinton, ya kuma yi jawabi a majalisar wakilan Amurka. Bayan shekara biyu suka sake magana ta wata hanya sabuwa. A ranar 26 ga Yuli 1963 aka harba Syncom 2, tauraron sadarwa da ke nisan kusan kilomita 36,000, inda saurin kewayarsa ya yi daidai da juyawar duniya. Ranar 23 ga Agusta 1963 aka haɗa shugabannin biyu ta wannan tauraro, ta hanyar jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a gaɓar Legas. Wannan ce hira ta farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi ta tauraron ɗan Adam. Malamin da ya rubuta labarin uwar da ta shafe shekaru tana neman ɗanta a hamada ba tare da hanyar aika saƙo ba, shi ne ya riƙe kan wayar a ɓangaren Afirka. Wata uku bayan haka aka harbe Kennedy.

6.0 Ƙarshen Rayuwa

Shekarunsa na ƙarshe sun cika da rigingimu: rikicin jihar Yamma na 1962, taƙaddamar ƙidayar jama'a, zaɓen tarayya na 1964 da wasu jam'iyyu suka ƙaurace wa, da zaɓen Yamma na 1965 da ya jawo ƙone-ƙone. Masu sukarsa sun ce ya yi sanyin jiki inda ake buƙatar tsauri, kuma ya kasa fita daga inuwar jam'iyyarsa. Masu kare shi sun ce tsarin mulkin ne ya ɗaure masa hannu, domin ƙarfin iko yana jihohi. A Janairun 1966 ya karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashen renon Ingila a Legas a kan batun Rodeshiya. Daren 15 ga watan sojoji suka ɗauke shi daga gidansa, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta, aka kai ta Bauchi aka binne. A wannan shekara Sabon Garin Kano ya sake ganin zubar da jini wanda ya fi na 1953 muni, kuma a cikinta ne shirin Gemini ya kammala, aikin tashar Kano ya zo ƙarshe.

7.0 Kammalawa

Shaihu Umar ya ci gaba da rayuwa bayan marubucinsa. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya shirya fim ɗinsa a 1976. Ɓangaren sararin samaniya na tarihinsa kuwa yana jiran masu nazarin Hausa. Akwai buƙatar a duba yadda Gaskiya Ta Fi Kwabo da gidajen rediyo suka ba da labarin Gagarin da Glenn, da lokacin da kalmomi irin su kumbo da ɗan sama jannati da tauraron ɗan Adam suka zauna a bakin jama'a. Akwai kuma dattawan Fagge da Sabon Gari da suka rayu a wancan zamani, waɗanda ya kamata a naɗi abin da suke tunawa tun suna raye.