Dauda Libingiston, Mai Neman Mazauni

An haifi Dauda Libingiston a shekara ta 1813 a Bilantaya, cikin ƙasar Sikotilan. Iyayensa talakawa ne masu tsoron Allah. Yana da shekara 10 ya shiga aiki a masaƙar auduga, da dare kuwa yana karatu, har ya koyi aikin likita. A 1841 ya sauka a Afirka ta Kudu domin aikin bishara, ya isa Kuruman, mazaunin Robat Mofat, wanda daga baya ya ba shi 'yarsa Maryamu aure.

Tun daga nan zuciyarsa ta ƙwallafa ga abu guda: ya sami wuri mai ruwa, mai lafiya, mai jama'a, inda za a kafa gari, a koyar da Maganar Allah, a kuma buɗe hanyar ciniki na halal domin cinikin bayi ya mutu. Ya gina gida a Mabotsa, inda zaki ya murƙushe masa hannun hagu. Ya sake gini a Conuwane wurin Sarki Secele, fari ya tashe su. A 1847 suka koma bakin kogin Kolobeng, suka haƙa hanyar ruwa zuwa gonaki, sai kogin ya ƙafe. A nan aka yi wa Secele baftisma a 1848.

Ya nufi arewa, ya ratsa hamadar Kalahari, ya ga tafkin Ngami a 1849. Sau biyu bayan wannan ya tafi da matarsa da 'ya'yansa cikin keken shanu. Zazzaɓi ya kama yaran, ƙishirwa ta kusa hallaka su, jaririyar da aka haifa musu bayan tafiya ta fari kuwa ta rasu. A 1851 ya kai ƙasar Makololo, ya ga kogin Zambezi, amma ƙasar fadama ce, cike da sauro da tsando. Sai ya aika da iyalinsa Ingila a 1852, ya ci gaba da nema.

Da mutanen Makololo ya yi yamma har Luwanda, bakin teku, a 1854. Cuta ta cinye shi, ga kuma jirgi a shirye ya kai shi gida. Ya ƙi shiga, gama ya yi wa mutanen nan alkawari zai komar da su garinsu. Ya komar da su, sa'an nan ya bi Zambezi gabas har teku a 1856.

A hanyar nan ya ga tudun Batoka, ya tabbata ya sami abin da yake nema. Amma bai duba kogin duka da idonsa ba. Da ya komo da jirgi a 1858, duwatsun Kebrabasa suka tare hanya. Masu bishara da aka aika wurin Makololo bisa ga labarinsa, zazzaɓi ya kashe da dama cikinsu a 1860. Maryamu ma ta rasu a Shupanga a 1862. Shi kansa ya rasu a 1873 a ƙauyen Citambo, cikin ƙasar da ake kira Zambiya yau, yana durƙushe a gefen gadonsa. Barorinsa Susi da Cuma da abokansu suka ɗauki gawarsa wata da watanni har bakin teku, aka binne shi a Landan a 1874. Bai zauna a garin da ya nema ba, amma a 1876 waɗansu suka kafa gari a ƙasar Malawi ta yau, suka sa masa suna Bilantaya.

Ya kai mai karatu, watakila fari ko tsanani ko neman abinci zai fitar da kai daga garinku. Koyi da naciyar mutumin nan da cika alkawarinsa ga waɗanda ba su da ikon tilasta shi. Kiyaye kuma da inda ya yi tuntuɓe: kada ka kira mutane zuwa wurin da ba ka bincika sarai ba, kada himma ta sa ka manta da hakkin matarka da 'ya'yanka. Ka yi addu'a kafin ka ɗaura kaya, ka tuna Ibrahim ma cikin alfarwa ya zauna, yana sauraron birnin da Allah ya shirya.