Heinrich Hertz: Masanin da tartsatsi ya ɗaukaka, 'yan Nazi suka so shafe sunansa

Duk mai sauraron rediyo ya saba jin ana ambaton megahertz idan tasha na sanar da zangonta, kuma wutar lantarkin da ke shiga gidaje a Najeriya da Nijar tana gudana ne a kan hertz 50. Sunan wani Bajamushe ne, Heinrich Hertz, wanda bai wuce shekara 36 a duniya ba.

An haife shi ranar 22 ga Fabrairun 1857 a birnin Hamburg. Mahaifinsa lauya ne da daga baya ya zama sanata a birnin, kuma asalin danginsa Yahudawa ne da suka karɓi Kiristanci. Hertz ya yi karatu a Berlin a hannun Hermann von Helmholtz, ya sami digirin digirgir a 1880, sannan ya zama farfesa a Karlsruhe a 1885.

A can ne ya tabbatar da hasashen James Clerk Maxwell cewa akwai igiyoyin lantarki da maganaɗisu masu ratsa sarari ba tare da waya ba. Ya haɗa na'urar da ke fitar da tartsatsi, ya ajiye zoben waya mai ɗan giɓi a nesa da ita. Da na'urar ta yi tartsatsi, sai ƙaramin tartsatsi ya bayyana a giɓin zoben.

A 1887, domin ya ga wannan ƙaramin tartsatsi sosai, ya rufe zoben cikin akwati mai duhu, sai ya lura ya yi rauni. Da ya sa gilashi tsakanin na'urorin biyu, raunin bai gushe ba, amma da ya sa dutsen kwaz sai tartsatsin ya dawo da ƙarfinsa. Daga nan ya gane cewa hasken altarabayolet, wanda ido ba ya gani, gilashi ke tarewa, kwaz kuma ke bari ya wuce, shi ke sauƙaƙa wa wuta tsallake giɓin idan ya sauka a kan ƙarfe. Sai a 1905 Albert Einstein ya bayyana yadda haske ke fizgo ƙwayoyin lantarki daga ƙarfe, aikin da aka ambata a lambar Nobel ɗinsa ta 1921.

A gidaje, roba ce ke lulluɓe wayoyi, don haka hasken ba ya kai wa ga ƙarfen. Illarsa a kan robar take: wayar da ta daɗe a rana takan bushe ta tsage, ƙarfen ya fito fili.

Hertz ya koma Bonn a 1889, ya rasu ranar 1 ga Janairun 1894 bayan doguwar jinya, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu. A 1930 aka sa wa ma'aunin sunansa. Bayan 'yan Nazi sun hau mulki a 1933, suka cire hotonsa daga zauren majalisar birnin Hamburg saboda asalin mahaifinsa, ko da yake shi Kirista ne. Matarsa da 'ya'yansa suka yi hijira zuwa Ingila. Gwamnatin Nazi ta rushe a 1945, kuma a 1960 aka shigar da hertz cikin tsarin ma'aunai na duniya.