Nana Asma'u: Marubuciyar da ta Yi wa Kanta Aikin Maɗaba'a

An haifi Nana Asma'u a shekarar 1793 a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, kusa da Galmi a jahar Tawa ta yanzu, mahaifiyarta kuwa sunanta Maimuna. Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ta yi ƙuruciyarta cikin ƙaura da yaƙi, a gidan da ake ɗora littattafai bisa raƙumi tare da sauran kaya. Ta iya Fulatanci da Hausa da Larabci, tana kuma jin Buzanci. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin ɗan'uwanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

A zamaninta babu maɗaba'a a ƙasar Hausa, ballantana kamfanin da zai karɓi rubutu ya tace, ya buga, ya rarraba. Duk wanda ya yi talifi, shi ne zai san yadda talifin zai kai ga jama'a. Takarda kaya ce ta fatake: ana yin ta a Italiya, da tambarin jinjirin wata uku a jikinta, ta biyo ayari ta Tarabulus ko Misira, ta ƙetare Sahara kafin ta iso kasuwa da tsada. Tawada a gida ake dafa ta da ƙaro, alƙalami kuwa na kara ne. Ba a ɗinke littafi. Warƙoƙi ne sake, a ƙasan shafi a rubuta kalmar da ta buɗe shafi na gaba don kada su rikice, sannan a adana su cikin gafaka. Kowane kwafi ɗaya sai wani ya zauna ya juya shi da hannu.

Da Shehu ya rasu a 1817, Asma'u na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tattara rubuce-rubucensa da tsara su. A nan ta ga yadda littafi ke salwanta in ba a yawaita juyinsa ba. Talifinta na farko da aka sani ta yi shi a 1820, da Larabci, kuma abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya kai kimanin sittin. Ta kan rufe waƙa da ramzi, wato haruffan da lissafinsu ke ba da shekarar Hijira da aka kammala ta. Wannan ƴar al'ada ce ta sa yau ake iya jera ayyukanta bisa tarihi, abin da ya gagara game da ɗimbin littattafan da matasa suka buga da kuɗinsu a Kano daga shekarun 1980, waɗanda da yawansu ba su ɗauke da shekarar bugu.

Inda ɗalibin harshe zai fi tsayawa shi ne yadda take zaɓen harshe. Tunda babu wanda ke tsakaninta da mai karatu, ita ce ke yanke wa za a yi wa magana, da kuma da wane baki. Malamai ta rubuta musu da Larabci. Dangi da almajiran gida ta yi musu da Fulatanci. Hausa kuwa ta tanade ta domin talakawa, musamman matan karkara da waɗanda yaƙi ya kawo cikin daula, irin na bayan Gawakuke a 1836, waɗanda ba su da wani harshe sai ita. Ta mayar da Tabbat Haƙiƙa, waƙar mahaifinta, daga Fulatanci zuwa Hausa. Waƙarta mai jera sunayen surorin Alƙur'ani ta fara fitowa da Fulatanci, bayan shekaru ta sake fitowa da Hausa. Ɗan'uwanta Isa ya fassara wasu waƙoƙinta da dama. Samun matani guda cikin harsuna biyu, daga gida guda, a zamani guda, ba ƙaramar taska ba ce ga mai nazarin fassara ko ajami, kuma mutumin Adar zai ji Hausar cikinsu kusa da ta bakinsa, domin karin yamma ne.

Saura rarrabawa, wadda ita ce ke kayar da mafi yawan masu buga littafi da kansu. Asma'u ta kafa ƙungiyar Ƴan Taru. Ta kan zaɓi mace dattijuwa mai amana daga wani gari ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle a matsayin alama. Jaji ta kan jagoranci tsofaffin mata da ƴanmata zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin, su koma su koya wa matan aure da ba su iya barin gida. Dalilin yin waƙa maimakon zube ke nan: kari da amsa-amo suna riƙe matani a ka, ko babu takarda.

Hanyar tana da nata cikas. Mai juyi kan yi kuskure, baki kan sauya kalma, sai a sami kwafi biyu na waƙa ɗaya sun saɓa. Rubutattun kuma sun taru a gidaje kaɗan, inda gara da damina ke iya cinye aikin shekaru.

Ta rasu a 1864, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Sakkwato. Jikokinta na gidan Waziri suka riƙe takardunta, kuma daga ɗakin karatun Waziri Junaidu ne Jean Boyd ta sami yawancin abin da ta yi nazari a kai. Sai a 1997 aka buga ayyukanta a dunƙule, a Amurka, ƙarƙashin kulawar Boyd da Beverly Mack, shekara 133 bayan rasuwarta. A lokacin, mata a ƙauyukan Sakkwato ba su daina rera waƙoƙin ba.