Malam Aminu Kano (1920–1983) da Tambayar Wa Talaka Zai Zaɓa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Malam Aminu Kano ta fuskar matsala guda: yadda ake tantance wanda ya cancanci a mara wa baya a zaɓe. An nuna cewa ya shafe fiye da shekara talatin yana koya wa talakan Arewa cewa zaɓen shugaba haƙƙinsa ne, kuma aƙida ce ma'aunin ɗan takara. An kuma nuna yadda nasarar 1979 ta fito da raunin da ke tattare da wannan tarbiyya, lokacin da amincewa da jagora ta fara maye gurbin auna ɗan takara.

1.0 Asali da Tasowa

An haifi Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920, a gidan Fulanin Genawa, zuriyar da ta shahara da malanta da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. Ya fara karatun allo a gida, ya shiga firamaren Shahuci, ya wuce Makarantar Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna, inda ya kammala a 1942.

Wannan asali yana da muhimmanci ga fahimtar siyasarsa. Ɗan gida ne a tsarin En'e, ya san yadda ake naɗa hakimi da dagaci, ya san yadda ake yanke hukunci a zauren alƙali. Da ya so, hanyar samun muƙami a buɗe take gare shi. Sukar da ya yi wa tsarin daga baya ta fito ne daga bakin wanda ya san cikinsa da bayansa, kuma ya iya kafa hujja da littattafan da su kansu masu mulkin suke girmamawa.

An tura shi koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A tarurrukan tattaunawa na Bauchi aka fara yi wa jami'an mulki tambayoyi a bainar jama'a, abin da ba a saba gani ba a Arewa. A 1946 ya tafi karo ilimi a Cibiyar Koyon Malanta ta Jami'ar Landan. Da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, daga bisani aka mayar da shi kwalejin horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi siyasa baki ɗaya.

2.0 Zamanin NEPU: Neman 'Yancin Zaɓe

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Cikin waɗanda suka assasa ta akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Aminu ya zama shugabanta a 1953. Takenta Sawaba, alamarta tauraro, kuma tun farko ta raba al'ummar Arewa gida biyu: masu sarauta da ke riƙe da En'e, da talakawa da ke biyan haraji.

Zaɓen 1951 ya koya wa jam'iyyar darasinta na farko. Tsarin zaɓen hawa-hawa ne: masu biyan haraji su zaɓi wakilai a unguwa ko ƙauye, waɗannan su zaɓi na sama da su, har a kai ga majalisar lardi mai fitar da 'yan Majalisar Dokokin Arewa. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano da wasu garuruwa. Sai dai doka ta ba En'e ikon cusa mutanenta, har kashi goma cikin ɗari, a matakin ƙarshe. Da aka gama tacewa, NEPU ba ta samu kujera ko ɗaya ba. A watan Oktoba na shekarar ne kuma NPC ta ayyana kanta a matsayin jam'iyyar siyasa, ta zama gidan sarakuna da ma'aikatan En'e.

Daga nan Aminu ya fahimci cewa tambayar wa za a zaɓa ba ta da amfani matuƙar ƙuri'ar talaka ba ta isa inda aka nufa da ita. Saboda haka manyan buƙatun NEPU suka zama zaɓe kai tsaye, jefa ƙuri'a a asirce, da bai wa mata 'yancin zaɓe. A wannan batu na ƙarshe jam'iyyar ta sha bamban da kusan dukkan manyan 'yan siyasar Arewa, kuma mata irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha ɗauri da duka a kansa.

A wajen tsayar da 'yan takara ma NEPU ta karya al'ada. Tunanin da ya kafu shi ne mulki na 'ya'yan sarauta ne, talaka kuwa nasa biyayya. NEPU ta riƙa ɗora teloli da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure da masu sana'ar hannu a kan muƙaman jam'iyya da takara. Abin da ake dubawa shi ne tsayuwar mutum a kan aƙida da juriyarsa idan wuya ta zo, domin shiga NEPU a lokacin na iya jawo wa mutum gidan yari ta hannun kotun alƙali, ko ƙarin haraji, ko farmakin 'yan daba. Wanda ya jure wannan ya riga ya ci jarrabawar da babu kwamitin tantancewa da zai iya shirya irinta.

Shi kansa Malam ya sha faɗuwa. A zaɓen tarayya na 1954 Maitama Sule na NPC ya kayar da shi, a zaɓen yanki na 1956 kuma Ahmadu Ɗantata ya yi galaba a kansa. Sai a 1959, da aka yi zaɓe kai tsaye kuma a asirce ga maza baligai, ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai. A wannan zaɓe NEPU ta samu kujeru 8, NPC kuwa 134.

3.0 Ƙawance da Farashinsa

Ƙaramar jam'iyya ba ta iya tsayawa ita kaɗai, don haka zaɓen abokin tafiya ya zama wani nau'i na zaɓen ɗan takara. Tun 1954 NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, wadda ta taimaka mata da kuɗi da lauyoyi. Abokan hamayya suka mayar da wannan makami, suna zargin NEPU da sayar da Arewa ga 'yan Kudu.

Bayan zaɓen 1959 lamarin ya ƙara rikicewa, domin NCNC ta haɗa gwamnatin tarayya da NPC. Aminu ya wayi gari a ɓangaren gwamnati a Legas, har da muƙamin mataimakin mai tsawatarwa a majalisa, alhali magoya bayansa a ƙauyukan Arewa suna ci gaba da shan azaba a hannun jam'iyyar da yake zaune da ita. Talakan da aka koya wa cewa NPC ce tushen wahalarsa ya rasa yadda zai fassara wannan zama. A zaɓen yanki na 1961 NEPU ta tsira da kujera ɗaya tak, a 1964 kuma Malam ya rasa tasa kujerar.

Mulkin soja ne ya aiwatar da da yawa daga cikin abin da NEPU ta nema. An karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, an ƙirƙiro jihohi a 1967, kuma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zo tare da bai wa matan Arewa 'yancin ƙuri'a. Aminu ya riƙe muƙamin kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974, a gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Ya sauka ba tare da ya tara dukiya ba, kuma wannan ya zama babban jarinsa a idon jama'a.

4.0 Zaɓen 1979: Nasara Mai Ɗauke da Darasi

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Malam ya fara zama da waɗanda suka kafa NPN, amma ya janye ya kafa PRP, mai alamar mabuɗi da taken Nasara. Samuel Ikoku ya zama sakataren jam'iyya kuma abokin takararsa. PRP ta haɗa jinsin mutane biyu: tsofaffin 'yan NEPU da suka sha ɗauri, da matasa 'yan boko masu ra'ayin gurguzu daga jami'o'i da ma'aikatu.

An gudanar da zaɓen daki-daki: dattawa ranar 7 ga Yuli, wakilai 14, majalisun jihohi 21, gwamnoni 28, shugaban ƙasa kuma 11 ga Agusta. PRP ta samu kujeru 7 a Majalisar Dattawa da 49 a ta Wakilai. A zaɓen shugaban ƙasa Malam ya zo na huɗu da ƙuri'a 1,732,113. A jihar Kano kuwa ya yi rinjayen da ya hana Alhaji Shehu Shagari samun kashi ɗaya cikin huɗu, ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Wannan adadi na Kano shi ne tushen shari'ar nan ta jihohi goma sha biyu da biyu bisa uku, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a watan Satumba.

Jihohi biyu da PRP ta ci gwamna sun ba da darussa mabambanta. A Kano, hukumar zaɓe ta soke takarar Injiniya Salihi Iliyasu, aka maye gurbinsa da Muhammadu Abubakar Rimi, kuma jama'a suka zaɓi mabuɗi daga sama har ƙasa. Gwamna ya samu majalisar da ke tare da shi. A Kaduna, Abdulƙadir Balarabe Musa ya kayar da Lawal Kaita na NPN, amma mako guda kafin nan NPN ta riga ta kwashe kujeru 64 cikin 99 na majalisar jihar, PRP tana da 16. Majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ya yi mulki babu majalisar zartarwa, har aka tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981. Masu zaɓen Kaduna sun ba mutum ɗaya kujera, sun ba abokan hamayyarsa wuƙar yanke ta.

Duk da haka, gwamnonin biyu sun soke haraji da jangali tun farkon hawansu. Abin da NEPU ta yi shekara kusan talatin tana kira a kai ya tabbata ta hanyar ƙuri'a.

5.0 Santsi da Taɓo

Ba a yi shekara guda ba PRP ta dare. Gwamnonin biyu suka shiga tarurrukan gwamnoni tara masu adawa da NPN, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP. Shugabancin jam'iyya ya hana su, suka ƙi bari, aka kore su a 1980. Ɓangaren gwamnoni, wanda Michael Imoudu ya shugabanta, aka kira shi Santsi, na Malam kuma Taɓo. Hukumar zaɓe ta amince da ɓangaren Malam.

Kowane ɓangare yana da hujja. 'Yan Santsi suna ganin su ne ke aiwatar da aƙidar, kuma suna zargin na kusa da Malam da karkata ga NPN. 'Yan Taɓo suna ganin wanda aka zaɓa a inuwar jam'iyya ba shi da ikon ƙulla ƙawance da gaban kansa, kuma waɗanda ba su ɗanɗani wuyar NEPU ba sun zo sun ci moriyarta. Ƙasan wannan gardama akwai tambayar da PRP ba ta tanadi amsarta ba: wanda aka zaɓa, wa zai yi wa biyayya idan jam'iyya da jagora da fahimtarsa ta aƙida suka saɓa? A zamanin NEPU wahala ce ke tace mutane. Da takara ta zama hanyar samun mulki, wannan matata ta gushe, ba a kuma gina wata a madadinta ba. Abin da ya rage shi ne amincewar jama'a da Malam, ta yadda da yawa suke zaɓen duk wanda ya ɗaga wa hannu.

Malam ya shirya sake tsayawa a 1983, ya kuma ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya. Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, kafin zaɓen. Rimi ya koma NPP ya sauka daga kujerar gwamna, PRP ta tsayar da Sabo Bakin Zuwo, tsohon ɗan NEPU, kuma shi ya yi nasara. Ko bayan rasuwarsa, Kanawa sun bi inda sunan Malam yake. Sojoji suka kifar da jamhuriyar ranar 31 ga Disamba.

6.0 Kammalawa

Gidansa na Gwammaja, wato Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma filin jirgin sama da asibitin koyarwa na Kano suna ɗauke da sunansa. Gādonsa na siyasa kuwa kashi biyu ne. Na farko, ya cire wa talaka tsoron ƙin ɗan takarar masu mulki, ya kuma nuna masa cewa asali da dukiya ba su ne cancanta ba. Na biyu, ya bar al'adar bin jagora, wadda ta yi amfani a hannunsa domin ba shi da abin da yake nema wa kansa. Al'adar ɗaga hannu ta wanzu a siyasar Kano da maƙwabtanta, amma sharaɗin da ya sa ta zama abin dogaro, wato tsantsenin mai ɗagawar, ba ya gāduwa. Aikin da ya rage wa mai zaɓe shi ne wanda NEPU ta fara ɗora masa: ya auna kowane ɗan takara da kansa, daga kansila zuwa shugaban ƙasa, ya kuma lura da yadda ƙuri'arsa a wani mataki za ta ƙarfafa ko ta rushe wadda ya jefa a wani.